Darasi na 7: Idan Sitiyari Ya Yi Sako-Sako

Sitiyari shi ne linzamin mota. Idan kana kan hanyar Zariya ka ji motar tana yawo da kai, ta yi dama ta yi hagu kana ta kamo ta, to sitiyarin ya yi sako-sako. Makanikai sukan ce ya yi wasa. Ramukan da damina ke bari a unguwanninmu, daga Rigasa har Tudun Wada, su ke cinye ƙarafan ƙafar mota. Kada darasin nan ya ba kowa tsoro. Duk mai iya riƙe taya da hannu biyu zai iya.

Mataki na 1: Auna wasan

Ajiye mota a wurin da ƙasa ta daidaita, tayoyin gaba suna kallon gaba sak. Idan sitiyarinta mai aiki da mai ne, bar injin a kunne. Tsaya a waje, zura hannu ta taga, juya sitiyari sannu-sannu, idonka yana kan taya. Tafiyar da sitiyari ya yi kafin taya ta motsa, ita ce wasan. Idan ta wuce faɗin yatsu biyu, wato kamar santimita 3, akwai gyara.

Mataki na 2: Ɗaga mota

Kashe inji. Ja birkin hannu. Wanda zai riƙe maka sitiyari ya zauna a kujerar direba tun yanzu. Kare tayar baya da dutse, gaba da baya. Ɗaga gaban motar da jak har taya ta bar ƙasa, sannan ka tokare motar da gungumen katako mai ƙwari. Ban da bulon siminti, yana farfashewa ba sallama. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne.

Mataki na 3: Girgiza taya

A nan yawancinku kuke tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali.

Sa wani ya zauna a kujerar direba kafin ka ɗaga motar, ya riƙe sitiyari gam. Kai kuma tsuguna a gaban taya. Tuna agogon bangon masallaci. Hannun hagu ya kama inda 9 take, hannun dama ya kama inda 3 take. Wato hannu ɗaya a gefen nan, ɗaya a gefen can, ba sama da ƙasa ba. Tura da hannu ɗaya, ja da ɗayan, sannan ka sauya. Kaɗan-kaɗan, da sauri, kamar mai gwada turmi ko ya zauna daidai. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a tafin hannunka, tayarod ne ya ci. Tayarod shi ne sandar ƙarfen da ke isar da umarnin sitiyari zuwa taya.

A sake. Hagu a 9, dama a 3. Girgizawa ake yi, ba juya taya ba. Idan ka ga tayar ta karkata gaba ɗaya, wanda ke ciki ya saki sitiyari, ko kuma kai ka sa ƙarfi da yawa. Ba komai, kowa da haka ya fara. Saki, huta, ka sake kamawa: 9 da 3.

Yanzu ka ba wani ya girgiza, kai ka leƙa bayan taya ka ɗora yatsu a kan tayarod, daidai dunƙulen da ke da hular roba. Lafiyayye ba ya motsi shi kaɗai. Wanda ya ci za ka ji yana tsalle a ƙarƙashin yatsunka. Sau da yawa za ka tarar robar ta yage, giris ya tsiyaye, ƙurar hunturu ta shiga ta zama baƙin laka mai yashi. Murza ta tsakanin yatsu biyu ka ji yadda take gurza. Haka take gurzar ƙarfen.

Sai bayan wannan za ka koma sama da ƙasa, wato 12 da 6. Motsi a nan na boljoyin ne, wato gaɓar da ƙafar mota ke juyawa a kanta, ko boris, wato zoben ƙarfen da taya ke mirginawa a kansa. Ka ce wa na ciki ya taka birki. Idan motsin ya ɓace, boris ne.

Wani dattijo a ajin bara, direban tasi, ya kama 12 da 6, bai ji komai ba, ya yanke cewa tayarod lafiya lau. Ya tafi Panteka ya sayo rak sukutum, wato dogon ƙarfen da sitiyari ke turawa dama da hagu wanda tayarod ke haɗe da shi, aka ɗaura, wasa yana nan daram. Na ce, “Baba, ina kuka ajiye hannuwanku?” Sai ya yi shiru. Jama'a, sau nawa zan faɗa? Wasunku da gemu da jikoki, amma ina magana kuna duba waya. Motar da za ta ɗauki iyalan mutane ce fa. Idan tayarod ya cire ana cikin gudu, taya sai ta kama gabanta, sitiyari ya zama ado. To, 9 da 3 tukuna. A yi wa tayar hagu, a yi wa ta dama.

Mataki na 4: Canza tayarod

Cire taya. Sassauta notin da ke ɗaure dunƙulen tayarod a jikin sandarsa, ka kwance na jikin ƙafar. Wajen warware tsohon, ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta lambar. Tafi da tsohon kasuwa don a ba ka irinsa. Ɗaura sabon da zagaye daidai da lambar nan. Idan notin mai fin ne, sa sabon fin.

Mataki na 5: Saiti

Kai motar wurin masu alaimen, wato masu daidaita tayoyi, ranar da ka yi gyaran, in ba haka ba taya za ta cinye gefe ɗaya.

Mataki na 6: Rak

Idan ka duba duka wasa bai tafi ba, wataƙila rak ne, kai wa makanike.

Aikin gida: zana taya a littafinka, ka rubuta 9 da 3 a inda hannuwa za su kama.