Kurakuran da ke Sa Mota Shan Mai da Yadda Za a Gyara Su

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai mota a Kaduna ya koma lissafin lita. Sai dai wani ɓangare na man nan da hannunmu muke ƙona shi.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cire tamostat, wato 'yar na'urar da ke daidaita zafin injin. Da zarar mota ta ɗan yi zafi, sai makaniki ya ce ai don ƙasashen sanyi aka yi shi, ya cire, ya haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Alhali an ƙera injin ne ya yi aiki da zafin da ya kai wajen digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfutar motar takan ɗauka injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa mai. Zafin mota yana da dalili: ko lagireto ya toshe, ko ruwa na yoyo, ko fanka ta mutu. A gyara wannan, sannan a leƙa kasuwar Panteka a nemo tamostat mai kyau a mayar.

Da sanyin hunturu kuma, wasu sukan tayar da mota su bar ta tana ta ruri a ƙofar gida. Mota mai injekta, wato wadda kwamfuta ke auna wa injinta mai, minti ɗaya ya ishe ta, sauran ɗumin a tafiya za ta same shi, muddin an fara a hankali.

Sai taya. Idan iska ta yi ƙasa, injin yakan sha wahalar jan motar. Kada ka bar mai faci ya auna da bugun hannu. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Sakin mota firi a gangara ba ya rage komai. Motocin zamani sukan yanke mai da kansu idan ka ɗaga ƙafa daga totur alhali tana cikin giya, ga kuma haɗarin barin birki shi kaɗai da nauyin mota.

A hanyar Zariya ko Abuja, mai gudun kilomita 130 yana shan mai fiye da mai tafiya a 90 nesa ba kusa ba, saboda iskar da yake turawa. A cunkoson titin Ahmadu Bello kuwa, daina figar mota kana cin birki. Bar tazara, ka tafi da sannu. Tarkacen da ke but ma a sauke shi.