Yadda ake cin moriyar ƙananan littattafan «Que sais-je ?»

Idan kana jin Faransanci, kuma kana son leƙa wani fannin ilimi da ba ka san kansa ba balle gindinsa, ni dai shawarata ka fara da jerin littattafan nan na «Que sais-je ?». Paul Angoulvent ne ya kafa shi a 1941 a kamfanin ɗab'i na Presses Universitaires de France, PUF a taƙaice, lokacin Paris na hannun sojojin Jamus. Sunan kuwa daga taken masanin falsafa Montaigne aka ɗauko shi, wato "me na sani?". Littafi na farko kan tarihin ilimin halittu ne, na Maurice Caullery, yau ga shi an haura dubu huɗu. Kowane littafi shafi 128 ne, malamin fannin ne ke rubutawa, kuma yana shiga aljihun riga.

Kafin ka karanta layi ɗaya, nemi shekara. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Lambar da ke jikin bango lambar littafin ce a cikin jeri, ba za ta gaya maka shekarun bugun da ke hannunka ba. Buɗe bayan shafin take, ko ka duba can ƙarshe, za ka ga ƙananan rubutu: "1re édition", wato bugun farko, da shekararsa, sai bugun da ka riƙe, wani lokaci da "mise à jour", alamar an sabunta shi. Tazarar da ke tsakanin shekarun biyu ita ce abin lura. Wani littafin an sake buga shi sau goma ana gyara alƙaluma, amma ƙashin bayansa na shekarun 1950 ne. Wani batun kuma kamfanin ya ba sabon marubuci ya sake shi tun daga tushe, don haka take ɗaya na iya zuwa da sunaye biyu. Idan batun kimiyyar kwamfuta ne, ko likitanci, ko dokar ƙasa, tsohon bugu ba zai yi maka rana ba. Idan nahawun Latin ne ko falsafar Girkawa, tsoho ma ya wadatar.

Ina ƙara jan kunne kan waɗanda suka shafi Afirka da Musulunci da aka rubuta kafin 1960. Malaman zamanin mulkin mallaka ne suka rubuta da yawansu, wasu ma tsofaffin jami'an mulkin ne. Akwai ilimi a ciki, ba na musu, amma ka karanta da sanin idon da ya kalli abin.

Sai marubucin. Ka bincika shi na minti biyar a intanet. Siririn littafi ba ya nufin marubucin ba shi da ɓangare. Wanda ya rubuta na Markisanci, wato aƙidar Karl Marx, a 1948, Henri Lefebvre, ɗan jam'iyyar Kwaminis ne a lokacin. Jean Piaget da ya yi na «structuralisme», wato nazarin abu ta fuskar tsarin da ya haɗa sassansa, a 1968, da tabarau na masanin tunanin yara ya kalli batun. Wannan bai rage musu daraja ba, ni ma na fi son marubuci mai ra'ayi a kan mai kame-kame, sai dai ka san wa ke maka jagora.

Yanzu karatun kansa. Faransawa kan sa jerin babi-babi, "table des matières", a ƙarshen littafi, to daga can za ka fara. Shafi ɗaya ne ko biyu, kuma taswirar fannin ce baki ɗaya. Daga nan ka karanta littafin a zama biyu ko uku, kada ka ja shi wata guda, domin amfaninsa shi ne ka ga fannin dunƙule guda. Fensir a hannu, ƙamus a rufe. Kalmar da ta gagare ka, ja mata layi ka wuce. Idan ta dawo sau uku, to kalmar fannin ce, ita za ka nema. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka: rubutun a matse yake, hotuna kusan babu, kuma malamin da aka ce ya tattara aikin rayuwarsa a shafi 128 ba ya maimaita magana. Sakin layi ɗaya kan ɗauki abin da wani littafin zai ba babi guda.

A zagaye na biyu ba sai ka bi komai ba. Koma babi ɗaya ko biyu da suka ja hankalinka, ka rubuta abin da ka fahimta da Hausarka a rabin shafi. Inda alƙalami ya tsaya, nan ne ba ka gane ba.

Kada ka rufe ba ka duba "bibliographie" ba, wato jerin littattafan ƙarin karatu. Gajere ne da gangan, malamin ya tace ya bar waɗanda ya yarda da su. Zaɓi biyu, ɗaya tsoho da kowa ke ambato, ɗaya mafi sabunta. Idan littafin takarda ya yi wuyar samu, shafin Cairn.info na ɗauke da da yawa daga cikinsu, kuma ɗakunan karatu na jami'o'i da dama suna da rajista da shi. Wanda Turancin Ingilishi ya fi masa sauƙi kuma, jerin «Very Short Introductions» na Oxford da aka fara a 1995 yana karɓar wannan salon karatun, sai dai nasu jerin babin a gaba yake.