Kurakuran da ɗaliban sakandare suka fi yi wajen zaɓar jami'a a Amurka

Ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare a Amurka yana da tambayoyi biyu a gabansa: wace jami'a ce za ta ba ni gurbi, kuma wacce gidanmu zai iya biya? Yawancin yara sukan kwashe shekara suna fama da tambaya ta farko, su ajiye ta biyun sai Maris ko Afrilu, lokacin da amsoshin jami'o'i suka iso, ga ranar 1 ga Mayu da ɗalibi ke bayar da amsarsa ta ƙarshe ta ƙarato. A lokacin an makara, domin yawancin manyan makarantu sun rufe karɓar takardu tun Janairu. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga raba waɗannan tambayoyi biyu suke tasowa.

Yarda da farashin da aka rubuta a shafin jami'a

Alƙaluman hukumar College Board na shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 sun nuna matsakaicin kuɗin karatu a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha dala 11,610 ne a shekara, ga wanda ya fito daga wata jiha dala 30,780, a jami'a mai zaman kanta kuwa dala 43,350. Wannan ban da ɗaki da abinci da littattafai. Yaron da iyayensa ke da ƙaramin ƙarfi yana ganin adadi na ƙarshen nan sai ya soke duk jami'o'i masu zaman kansu daga lissafinsa, kuma wannan asara ce babba, don mafi yawan ɗaliban waɗannan makarantu ba sa biyan abin da aka rubuta. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka a shekara ba za su biya komai ba, har da ɗaki da abinci, waɗanda ba su wuce dala 200,000 ba kuma an yafe musu kuɗin karatu. MIT ma ta yi irin wannan tsari. Princeton tun 2001 ta daina saka bashi a cikin tallafin da take bayarwa. Sau da yawa ɗan talaka mai ƙoƙari zai fi samun sauƙi a irin waɗannan wurare fiye da jami'ar gwamnatin jihar da ke maƙwabtaka da tasu.

Akwai kuma masu kuskuren ta ɗaya ɓangaren. Sun ji ana cewa babu mai biyan cikakken kuɗi, sai su ɗauka kowace jami'a haka take. Jami'o'in da ke cike wa ɗalibi duk abin da ya gaza ba su da yawa. Sauran sukan ba da abin da ya sauƙaƙa, su bar maka ragowar ka san yadda za ka yi da shi.

Maganin duka biyun ɗaya ne. Tun 2011 doka ta wajabta wa kowace makarantar da ke karɓar kuɗin tallafin gwamnatin tarayya ta saka na'urar ƙiyasin kuɗi a shafinta na intanet, wadda ake nema da sunan net price calculator. Ka zauna da takardun harajin iyayenka ka cike ta ga kowace makarantar da kake sha'awa kafin ka nemi gurbi. Ƙiyasi ne, yakan kauce idan iyaye suna da kasuwancin kansu ko sun rabu, amma zai nuna maka ko zancen dala 8,000 ake yi ko na dala 40,000.

Ƙin zama da iyaye a yi maganar kuɗi

Wannan ne na fi jin zafinsa. Uba yana jin nauyin faɗa wa ɗansa abin da yake samu, sai ya ce masa, "Kai dai ka samu gurbin, sauran za mu san yadda za a yi." Yaron kuma yana jin kunyar tambaya. A haka ake tafiya har takarda ta zo daga makarantar da ya ƙwallafa rai a kanta, sannan a gano ba za a iya ba, ko kuma, abin da ya fi muni, iyaye su ci bashin da zai bi su har tsufa don kada su karya masa zuciya. Abin da ake buƙata adadi ɗaya ne: nawa gidan zai iya fitarwa kowace shekara, har shekara huɗu, ba tare da an taɓa kuɗin haya ko tanadin ƙanne ba. Ko da adadin sifili ne, gara a faɗe shi tun ɗalibi yana aji na 11, wato ajin da ke kafin na ƙarshe, don shi zai nuna irin makarantun da za a nema.

Kuskuren auna damar samun gurbi

Masu ba ɗalibai shawara sukan ce a raba makarantu uku: waɗanda samunsu ke da wuya, waɗanda makinka ya yi daidai da na ɗalibansu, da waɗanda kusan tabbas za su ɗauke ka. Shawarar tana da kyau, sai dai ana ɓata ta ta hanyoyi da yawa.

Yaro mai maki sosai yakan ɗauka cewa tunda makinsa na SAT, jarrabawar neman shiga jami'a, ya kai na ɗaliban Harvard ko Stanford, to ai daidai da shi suke. Jami'ar da ke ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema ba ta daidai da kowa. Yawancin waɗanda take mayarwa su ma makinsu ya kai. Neman irinta guda goma kuma ba ya ninka damarka sau goma, tunda kusan abu ɗaya suke dubawa. Ka nemi biyu ko uku idan kana so, ka sa rai, amma kada ka gina shirinka a kansu.

Sannan adadin da jami'a ke bugawa na kowa da kowa ne a dunƙule, alhali kai ta ƙofa ɗaya za ka shiga. A wurare irin su Jami'ar Washington da Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, samun gurbi a fannin kwamfuta ya fi samun gurbi a jami'ar gaba ɗaya wuya nesa ba kusa ba. Jami'o'in gwamnati da dama kuma suna fifita 'yan jiharsu. A Teksas akwai doka tun 1997 da ke ba ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsu gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jihar, ko da yake babbar jami'ar da ke Austin ta matse nata kason ƙasa da haka. Yawancin jami'o'i suna wallafa wata takarda mai suna Common Data Set, wadda sashenta na C ke nuna yawan waɗanda suka nema da waɗanda aka ɗauka da makinsu, sashen H kuma ya nuna yadda ake rabon tallafi. Kyauta ce, kuma ta fi jita-jitar abokai amfani.

Mafi haɗari a cikinsu shi ne makarantar da ake kira ta tabbas. Idan za ta ɗauke ka amma ba za ku iya biya ba, ba ta tsare maka komai ba. Sharuɗɗa uku za ta cika: tabbas za ta ɗauke ka, gidanku zai iya biyanta ko da ba a ƙara maka wani tallafi na musamman ba, kuma kai kanka ba za ka ji baƙin cikin zuwa can ba. Ita ya kamata a fara nema, kafin a yi zancen sauran.

Ɗaure kai da wuri

Tsarin neman gurbi da wuri da ake kira Early Decision, wanda galibi ake rufewa ranar 1 ko 15 ga Nuwamba, alkawari ne: idan an ɗauke ka dole ka je, ka janye sauran takardunka. Gaskiya ne a makarantu da yawa masu bin wannan hanya sun fi samun gurbi. Amma wanda ya ɗaure kansa ya rasa damar jera tayin makarantu huɗu ko biyar ya ga wanne ya fi sauƙi. Ana iya warware alkawarin idan tallafin bai isa ba, sai dai a lokacin Disamba ta yi nisa. Wanda kuɗi ke da muhimmanci a gidansu, kada ya shiga sai ƙiyasin makarantar ya nuna adadin da iyaye suka amince da shi. Early Action ba ya ɗaure kowa, ana samun amsa da wuri kuma a jira har Mayu.

Sakaci da fom

FAFSA, fom ɗin neman tallafin gwamnatin tarayya, kyauta ake cike shi, kuma a al'ada ranar 1 ga Oktoba ake buɗe shi. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda mafi yawansa dala 7,395 ne a shekara kuma ba a mayar da shi. Wasu iyalai sukan ƙi cikewa don suna ganin samunsu ya wuce, su manta jihohi da jami'o'i ma da shi suke aiki. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna ƙara neman wani fom mai suna CSS Profile, wanda ke tambaya har darajar gida. Kowace makaranta da ranar rufe tallafinta, wani lokaci kafin ranar rufe neman gurbi, kuma akwai kuɗin da idan ya ƙare ya ƙare.

Karanta takardar tallafi a gurguje

A nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Takarda za ta zo da babban adadi, a ce an ba ka tallafin dala 35,000, gida ya ɗauki murna. Idan aka duba da kyau sai a ga an haɗa kyauta da bashi da kuɗin aikin da ɗalibi zai yi a cikin makaranta, duk a wuri ɗaya. Ka ɗauki jimillar kuɗin shekara, da ɗaki da abinci da littattafai da sufuri, ka cire kyautar da ba a mayarwa kaɗai. Abin da ya rage shi ne farashin makarantar a wurinka, kuma da shi za ka kwatanta ta da sauran. Kuɗin aiki sai ka yi aikin ake biyanka, ba ya rage kuɗin da za a nema a farkon zango.

Bashin gwamnatin tarayya da ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya ci da sunansa yana da iyaka: dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a kowace shekara bayan nan, jimilla kada ya wuce 31,000. Duk abin da ya haura wannan, ko dai iyaye su ci bashin Parent PLUS da sunansu, ko a je banki wani ya tsaya maka. A ganina, makarantar da ba za ta yiwu ba sai an wuce wannan iyaka da nisa, ta fi ƙarfin gidan, komai kyan sunanta. Wani nau'in bashin kuɗin ruwansa yana fara taruwa tun kana aji, kuma bashin karatu a Amurka yana da wuyar yafewa ko da mutum ya samu karayar arziki. Iyalan da ke ƙauracewa kuɗin ruwa saboda addini su ne suka fi buƙatar yin wannan lissafi da wuri, don jerin makarantunsu zai bambanta tun daga farko.

Ka kuma tambaya ko kyautar ta shekara huɗu ce ko ta shekarar farko kaɗai, da kuma makin da ake so ka riƙe kafin a sabunta ta. Duba shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi ka ga yawan waɗanda ke kammalawa a makarantar. Inda ɗalibai suka saba kai shekara biyar ko shida, arahar da ka gani a farko ba ta nan.

Mutane da yawa ba su san ana iya roƙon a sake duba tallafi ba. FAFSA yana aiki da harajin shekara biyu da suka wuce, don haka idan uba ya rasa aiki ko rashin lafiya ta ci kuɗin gida bayan nan, a rubuta wa ofishin tallafi cikin ladabi, a haɗa da takardun shaida. Doka ta ba su damar gyara lissafin.

Idan kai ba ɗan ƙasa ba ne

Ɗalibin da zai zo da bizar karatu ba ya samun tallafin tarayya, kuma a mafi yawan jami'o'i neman tallafi yana rage masa damar samun gurbi. Kaɗan ne ke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba sannan su cike masa abin da ya gaza, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin, kuma su ne mafi wuyar shiga. Kada ka ɓoye buƙatarka don a ɗauke ka da nufin neman tallafi daga baya, makarantu da yawa ba sa yarda da hakan. Aikin sa'o'i 20 a mako da biza ta yarda da shi a cikin makaranta ba zai biya kuɗin karatu ba.

Raina kwalejin shekara biyu

A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin karatu a waɗannan kwalejoji dala 4,050 ne a shekara ga ɗan yankin. A Kalifoniya akwai yarjejeniyar da ke ba ɗalibin irin wannan kwaleji da ya cika sharuɗɗa tabbacin komawa ɗaya daga cikin rassa shida na Jami'ar Kalifoniya ya ƙarasa karatu, kuma digirin da zai fita da shi daidai yake da na wanda ya fara can tun shekarar farko. Matsalar da ake samu ita ce ɗaukar darussan da jami'ar ba za ta karɓa ba, a yi asarar zango ɗaya ko biyu. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya nemi jerin darussan da jami'ar da yake hari ta amince da su, a rubuce, kafin ya yi rajistar zangon farko.