Yadda Ake Gyara Tsohon Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska da Kuma Tsayar da Jigonsa

Wanda ya sayi ƙaramin jirgin ruwa na hannu, irin mai tafiya da ƙyallen iska, yakan ƙagu ya ga jigon ya miƙe, wato dogon sandan alminiyam da ake ɗaura ƙyallen a jikinsa. Amma jigo shi ne aikin ƙarshe, domin ƙarfinsa duka yana kan rufin da ya taka da wayoyin da suka riƙe shi. Za mu ɗauki Catalina 22 a matsayin misali, jirgin da Frank Butler ya ƙera a Kalifoniya ta Amurka a 1969, wanda aka yi fiye da 15,000 daga cikinsa, shi ya sa ake yawan samunsa na hannu kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Tsawonsa kusan ƙafa 22 ne, jigonsa kuma ya kai wajen ƙafa 25.

A fara da wanke jirgin sarai, ciki da waje, tun yana kan tirela, domin datti yana ɓoye tsaga. Daga nan sai a ɗauki sukurudireba mai mariƙin roba a bi rufin jirgin ana ƙwanƙwasawa taku bayan taku. Rufin irin waɗannan jirage faiba ne sama da ƙasa, da katako a tsakani. Inda katakon yake da lafiya za a ji ƙara mai kaifi, inda kuwa ruwa ya shiga ya ruɓar da shi sai a ji ƙarar ta dushe kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali, wani lokaci ma wurin ya ɗan lotsa idan an taka. A fi mai da hankali a gindin jigo da wuraren da wayoyin gefe suke kamawa, domin ta ramukan notunan nan ne ruwan sama yake kurɗawa shekara da shekaru.

Idan ruɓewar kaɗan ce, a kwance ƙarfen da ke ɗaure a wurin, a faɗaɗa ramin, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon, a bar wurin ya bushe ƙayau, sannan a toshe ƙasan ramin da tef a cika shi da gam ɗin efoksi mai kauri. Bayan ya daskare sai a sake huda ramin notin daidai girmansa na asali a tsakiyar gam ɗin, ta yadda ko ruwa ya sake biyowa ba zai taɓa katako ba. A auna gam ɗin da mahaɗinsa daidai yadda aka rubuta a gwangwani, kada a yi da ka, domin haɗin da ya kuskure ba ya bushewa sosai. Idan kuwa wurin ya fi tafin hannu biyu faɗi, babu makawa sai an yanke faiban an sauya katakon. Masu sayarwa da yawa sukan shafe irin wannan wuri da sabon fenti, don haka fenti mai sheƙi a gindin jigo kaɗai abin tuhuma ne.

A ƙarƙashin Catalina 22 akwai ƙarfen nauyi mai lilo, kimanin kilo 250, wanda ake saukarwa da winci, wato na'urar naɗe waya, don ya hana jirgin kifewa. A duba wayar da ke ɗaga shi da notunan da suka rataye shi, kuma idan ba a san shekarun wayar ba a sauya ta kawai, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Jigon kansa a shimfiɗe shi a kan kujeru biyu, a kai ido ƙarshensa a hango tsawonsa don a ga ko ya lanƙwashe. Farin gari da ake gani kewaye da notuna alama ce ta cewa alminiyam yana ciwuwa inda ya haɗu da wani ƙarfe daban, sai a kwance a goge a shafa man kariya kafin a mayar. Wayoyin jigon guda takwas ne: ɗaya gaba, ɗaya baya, uku a kowane gefe, wato doguwa ɗaya da gajeru biyu, ta gaba da ta baya. A naɗe tsumma a hannu a bi kowace waya daga sama har ƙasa. Duk inda tsumman ya maƙale, sili ya tsinke ke nan, kuma waya mai tsinkakken sili ko da ɗaya ne ta gama aiki. A duba bakin wayar inda aka matse ta cikin ƙarfe, nan ne tsatsa da tsaga suke fara bayyana. Wannan ne kuma lokacin zura sababbin igiyoyin ɗaga ƙyalle da gwada fitilar ƙolin jigo, domin bayan ya miƙe hannu ba zai kai ba.

Ranar tsayarwa, kafin a taɓa komai a ɗaga kai a duba sama. Alminiyam yana ɗaukar wuta, kuma mutane sun rasa rayukansu saboda jigo ya taɓa wayar lantarki, don haka a duba wurin da za a tsaya da duk hanyar da tirela za ta bi zuwa bakin ruwa. A zaɓi fili mai daidaito da lokacin da iska ta kwanta, a bar tirela a haɗe da mota, in ba haka ba nauyin mutum a bayan jirgi zai iya ɗaga gabanta sama.

A janyo jigon baya har gindinsa ya zo kan mazauninsa, a zura notin da jigon zai juya a kansa kamar ƙyauren ƙofa, sauran jikinsa kuma ya kwanta a kan wata gwafa a bayan jirgin. Wayar baya, da dogayen wayoyin gefe biyu, da gajeru biyu na baya suna nan a ɗaure amma da ɗan sassauci. Wayar gaba da gajeru biyu na gaba su ne a kwance. Mutum ɗaya ya ɗaga jigon a kafaɗa yana takowa gaba, na biyu yana jan igiya daga gaban jirgin, na uku kuma aikinsa ido ne kawai. Rabin farko na tafiyar shi ne mai haɗari, saboda a nan nauyi ya fi yawa, wayoyin gefe kuma ba su ɗame ba tukuna, sai jigon ya riƙa karkata hagu ko dama har ya iya fizge mazauninsa. Wanda ba shi da mataimaka ya kafa sanda mai kamar ƙafa shida a gindin jigon, ya bi da igiyar ta kan sandan don jan ya yi sauƙi, ya kuma ɗaura igiyoyin wucin gadi a gefe biyu.

Idan aka ji jigon ya cije, kada a ƙara ƙarfi. Kusan kullum waya ce ta maƙale a wani ƙarfe, ko kuwa abin ɗame waya mai tiredi ya kwanta a karkace, wanda idan aka ja da ƙarfi zai lanƙwashe, kuma lanƙwasasshe ba a miƙe shi a sake amfani da shi. A sauke kaɗan, a warware, a ci gaba. Da zarar ya miƙe, mai kafaɗa ya ci gaba da tura shi gaba har sai an kama wayar gaba an sa mata fil, sannan a kama gajerun biyu.

Abin da ya rage shi ne daidaitawa. A ɗauki igiyar ɗaga babban ƙyalle a kai bakinta gefen dama na jirgin, sannan a kai ta daidai wurin a gefen hagu. Idan tsawon ya zo ɗaya, jigon yana tsakiya. A ɗame wayoyin gefe biyu-biyu, juyi ɗaya nan juyi ɗaya can, ana leƙa jigon daga gindi don kada ya karkace. A sa fil a kowane abin ɗamewa, a naɗe bakinsa da tef don kada ya yaga ƙyalle, sannan a sake duba ɗamewar bayan fita ta farko, domin sababbin wayoyi sukan ɗan saki.