Yadda Ake Haɗa Mazurari Mai Cirewa Na Injin Niƙa Gahawa

Yawancin injinan niƙa gahawa da ke shagunan kayan ƙamshi a kasuwannin Gadarif da Kasala da Wad Madani a Sudan suna zuwa ne da mazurarin roba mai garai-garai, abin da Larabawa ke kira kadus. Shi ne yake fara mutuwa. Zafin watan Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40, yana busar da robar, man gahawa yana cinta, rannan sai wuyan ya tsage. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 kuma samun madadinsa ya zama aiki. Abin da mutane ke yi shi ne su kai wa usta, wato gwanin aikin ƙarfe, ya dasa musu mazurarin kwano ya kama shi da walda ko ya ɗaure da waya. Wannan gyara ne mai haifar da sabuwar matsala: mazurarin da ba ya fita ba ya wankuwa, kuma ranar da tsakuwa ta maƙale a haƙoran inji sai an kife injin gaba ɗaya an zazzage bun, wato ƙwayar gahawa, a ƙasa.

Mazurari mai cirewa na kirki abu uku yake buƙata: wuya da ya zauna daram a bakin inji, ƙofa da za ta tare bun idan an ɗaga shi, da makunnin da zai hana injin tashi alhali bakinsa a buɗe. Ga yadda ake yin kowanne.

Awo kafin yanka

Zare filogi daga bango tukuna. Cire tsohon mazurarin, ka auna faɗin cikin bakin injin da ma'aunin nan mai baki biyu na masu feƙe ƙarfe. Tef ɗin tela ba ya ba da milimita daidai. Injinan shago da yawa bakinsu na kusa da santimita 6, kuma da shi za a yi lissafi a nan, amma naka ka auna. Sannan ka zura sanda ka auna zurfi daga leɓen bakin zuwa kan notin da ke tsakiyar haƙoran. Wuyan mazurari dole ya tsaya aƙalla milimita 5 sama da wannan noti, don notin yana juyawa tare da motar lantarkin da ke tuƙa injin.

Sai girma. Soyayyen bun ba shi da nauyi: lita ɗaya tana ɗaukar giram 300 zuwa 400, kuma baƙin suya irin na jabana, wato gahawar gargajiya ta Sudan, yana can ƙasa-ƙasa, domin wuta ta kumbura ƙwayar ta kore ruwanta. Ke nan kilo ɗaya, wato ratal biyu da ɗan ɗori, yana son wuri kamar lita 3. Kada kwaɗayi ya sa ka yi wanda ya fi haka. Mazurari mai tsawo yana rinjayar wuya, yana karkaɗawa idan mota ta tashi, bun kuma ya wuni a cikinsa yana shan zafi yana rasa ƙamshi.

Ƙarfen da ya dace

Nemi fallen ƙarfe mara tsatsa mai lamba 304, kauri milimita 0.8. Shi ne wanda ake yin tukwane da kwanukan abinci masu kyau da shi. Ka guji kwanon rufi mai rufin tutiya da gwangwanin fenti ko na mai. Abin da ya fi waɗannan muni shi ne like da dalma irin ta masu gyaran rediyo da lagireto: dalma guba ce da ke taruwa a jiki, ta fi illa ga yara da mata masu ciki, kuma ba ta da wuri a duk inda abinci zai taɓa. A haɗa da waldar argon, ko kuwa a naɗe leɓen biyu a dake su kamar yadda masu ƙera bokiti ke yi.

Zanen mazurarin

A nan ne ake yawan ɓata aiki, alhali lissafin mai sauƙi ne. Gangaren bango ya zama digiri 60 daga shimfiɗe. Idan ya kwanta ya koma 45, baƙin bun mai maiƙo zai riƙa manne wa bango, tsakiya ta rufta ta bar rami, mai niƙa ya koma bubbuga mazurari da hannu har wuyan ya saki.

Daɗin digiri 60 shi ne zanensa a shimfiɗe rabin da'ira ne cif. Ɗauki kwali, ka ja miƙaƙƙen layi, ka kafa ƙusa a tsakiyarsa. Ɗaura zare mai tsawon santimita 20 da fensir a bakinsa ka zana rabin da'ira. Rage zaren zuwa santimita 6 ka zana ƙaramar a ciki. Abin da ke tsakanin layukan biyu shi ne jikin mazurarin: idan ka naɗe shi, sama za ta ba ka faɗin santimita 20, ƙasa 6, tsayi kuma kusan 12. Ƙa'idar ita ce dogon zare daidai da faɗin sama, gajeren zare daidai da faɗin wuya. In bakin injinka 5.5 ne, gajeren zaren 5.5 ke nan. Ƙara santimita 1 a gefe ɗaya don haɗi.

Wannan ɓangare lita 1.7 da ɗoriya kawai yake ci. Don a cike uku, yanka fallen mai tsawon santimita 64 da faɗin 5, ka naɗe shi zobe ka ɗora a sama. Zai ƙara lita ɗaya da rabi. Lanƙwasa leɓensa waje kada ya yanki hannu. Murfi kuwa, murfin tukunya mai faɗin 20 ya wadatar, kuma ba ado ba ne: lokacin habub, wato guguwar ƙura, ƙurar da ke shiga bun yashi ce, yashi kuma shi ke dushe haƙora.

Gwada da kwali a kan injin kafin almakashi ya taɓa ƙarfe. Bayan walda a goge haɗin ta ciki da magagari da samfefa har yatsa ya wuce bai ji tudu ba, domin duk tudu ko rami maɓoyar tsohon mai ne.

Ƙofar da ke tare bun

Yanka faranti biyu murabba'i, santimita 9 kowane gefe, kauri milimita 1.5, ka huda ramin santimita 6 a tsakiyar kowanne. Na sama a kama shi da gindin mazurari, na ƙasa da wuya. Tsakaninsu, a dama da hagu, sa siraran ƙarfe biyu masu faɗin santimita 1 da kaurin milimita 1.5. Harshen ƙofar shi ne zai riƙa zamewa a ratar da suka bari: kaurinsa milimita 1, faɗinsa ya gaza santimita 7 da kaɗan, tsawonsa 12, a lanƙwasa ƙarshensa ya zama mariƙi. Rabin milimitan da ya rage shi ne wasan da ke sa ya tafi sumul. Ya fi haka, ɓarɓashi zai shige ya cije. Ya gaza haka, ɗan lanƙwasa kaɗan zai hana shi motsi.

Abu biyu usta ya kiyaye. Na farko, a haɗa farantan da noti huɗu, kada a yi musu walda, don a iya warware su a wanke. Na biyu, a bar bayan ratar a buɗe. Idan aka toshe, garin da harshen ke turawa zai taru can ya daskare, bayan sati biyu ƙofar ta daina rufewa duka, ka ɗaga mazurari bun ya biyo ka. A feƙe bakin harshen ya yi gangare, a ɗan fafe tsakiyarsa kamar jinjirin wata, ta yadda zai ture ƙwayar da ta tsaya masa ko ya raba ta biyu. Ɗaura masa 'yar sarƙa, don abin da ke zarewa gaba ɗaya a shago ɓata yake yi.

Wuya da makulli

Wuyan bututu ne mai tsawon santimita 2.5 zuwa 3, gwargwadon zurfin da ka auna. Faɗinsa na waje ya gaza bakin inji da rabin milimita. Ya fi kyau a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya fitar da shi daga bututu mai kauri, domin wanda aka naɗe da guduma ba ya taɓa zama da'ira sosai.

Makulli mafi sauƙi irin na ƙwan lantarki mai kunne biyu ne: a tura, a murɗa kaɗan, ya kama. Ana dasa ƙusoshi biyu masu kaurin milimita 4 suna kallon juna a bakin inji, a yanka wa wuyan tsaga biyu masu siffar ƙugiya, faɗin milimita 4.5, da ɗan gurbi a ƙarshe inda ƙusar za ta faɗa ta zauna. Ba don gurbin nan ba, girgizar mota za ta kwance shi a hankali.

Sai dai ka duba injinka da kyau kafin ka zaɓi wannan. A injina da yawa, bakin da mazurari ke zama shi ne kuma zoben da ake murɗawa a saita laushin gari. Idan haka ne, duk lokacin da ka murɗa mazurari za ka gusar da saitin, garin jabana mai laushi ya fito da tsaki-tsaki, ko kuma haƙoran su haɗu su ci juna. Ga irin wannan inji, bar murɗawa: wuya ya shiga a miƙe, a ɗaure shi da noti mai kunne daga gefe, bakin notin ya faɗa cikin ɗan gurbi da aka tona a jikin wuyan. Galibi za ka tarar da ramin notin tun daga kamfani.

A cikin mazurarin, santimita 4 sama da ƙofa, a kafa 'yar laima ta ƙarfe mai faɗin santimita 5 a kan ƙafa uku. Tana hana yatsa kaiwa ƙasa, tana tare ƙwayoyin da ke tsalle idan bun ya kusa ƙarewa, tana kuma ɗauke nauyin da ke danne bakin haƙora. A wannan tsayi ratar da ke kewaye da ita ta kai kusan santimita 3, bun yana wucewa. Manna maganaɗisu mai ƙarfi a ƙarƙashinta ya kama ƙusa da guntun waya da kan zo cikin buhun bun na Habasha. Tsakuwa kam maganaɗisu ba ya ganinta, sai tsinta a faranti kafin suya.

Makunnin tsaro

Wannan shi ne abin da bai kamata a yi ciniki a kansa ba. Da zarar mazurari ya zama mai cirewa, haƙoran sun zama a fili, kuma yaran shago su ne ke zura yatsa su share bakin. Ƙara da yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama: an bar makunni a kunne, an cire mazurari ana shara, wuta ta dawo.

Maganin ƙaramin makunni ne mai harshe, irin wanda ke ƙofar na'urar ɗumama abinci, mai ɗaukar amfiya 16 a kan bolt 250, tunda wutar Sudan 230 ce. A ɗaure shi a jikin inji, a dasa wa farantin ƙasa ɗan kunne da zai danna harshen sai mazurari ya zauna daidai. A yi amfani da ƙafafunsa biyu da ba sa haɗuwa sai an danna, a sa shi a kan waya mai wuta, ba ta dawowa ba. Idan ƙarfin motar ya kai rabin doki ko fiye, kada wutarta ta bi ta cikinsa, don fizgar tashi za ta narka bakinsa ya manne a kunne. A sa kwantakta, wato babban makunnin da maganaɗisun lantarki (koyil) ke rufewa, mai maɓallin kore da ja, ƙaramin makunnin ya riƙe wayar koyil ɗinta kawai. Ribar wannan biyu ce, domin idan wuta ta ɗauke kwantakta tana saki, injin ba zai tashi ba sai an sake danna kore. Mai gyaran wuta ya yi wannan, ya rufe haɗin cikin akwati, ya kuma haɗa jikin injin da wayar ƙasa, tunda yanzu hannu a kan ƙarfe yake.

Gwaji da amfani

Ba bun a ciki, juya haƙoran da hannu, filogi a zare, ka saurara ko wuya na goga wani abu. Sa filogi, kunna babu mazurari: kada ya motsa. Mayar da shi, kunna, ka ɗaga shi yana gudu: ya mutu nan take. Sannan ka zuba ratal ɗaya ka niƙa.

Wajen cirewa, tsarin shi ne rufe ƙofa, bar injin ya cinye abin da ya rage a wuya har ƙararsa ta sauya ta yi sama, kashe, sannan ɗagawa. Wanda ya tsallake wannan zai tarar da cikin hannu guda na bun zaune a kan haƙora, mota kuma tana wahalar tashi a kansa.

Idan bun ya daina sauka alhali akwai shi, duba bango: yawanci maiƙo ne ya yi kauri. A wanke duk sati da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a warware ƙofar sau ɗaya a wata, a shanya har ya bushe ƙarau kafin a mayar, don ɗigon ruwa ɗaya yana sa haƙoran ƙarfe tsatsa. Haƙoran kansu burushi busasshe kawai suke so.

Mai shagon da ke niƙa wa masu shayi da jabana citta da kirfa a inji ɗaya ya yi mazurari biyu, ya yi wa kowanne alama a mariƙi. Busasshiyar citta a farfasa ta a turmi ta koma ƙasa da santimita ɗaya, in ba haka ba zarenta yana saƙa gada a kan laimar. Sauya mazurari rabin ƙamshin kawai yake kawarwa, sauran yana cikin haƙora, don haka a bi da giram 30 na bun a niƙa a ware shi ga mai son jabana da citta. Yajin agashe kuwa, mai ƙuli-ƙuli, kada ya kusanci wannan inji ko da mazurarinsa daban: man gyaɗa yana liƙe tsagar haƙoran, mota ta yi zafi, kuma sai an kwance su ɗaya bayan ɗaya an kankare kafin gahawa ta daina ɗanɗanon tsire.