Yadda malami zai shirya wa kuɗin buga maƙala idan mujalla ta koma kyauta ga masu karatu

A tsohon tsari, ɗakin karatu na jami'a ne yake biyan kuɗin mujalla kowace shekara domin malamai da ɗalibai su karanta, marubuci kuwa galibi ba ya biyan komai. Tun bayan sanarwar Budapest ta shekarar 2002, wadda ta yi kira a buɗe wa kowa maƙalun bincike kyauta a intanet, musamman kuma bayan shirin Plan S da wasu hukumomin tallafa wa bincike na Turai suka fito da shi a 2018 domin wajabta hakan a kan binciken da suka tallafa wa, kamfanonin ɗab'i da yawa sun juya lamarin: karatu ya zama kyauta a intanet, nauyin biya kuma ya koma kan marubuci. A shafukansu za ka ga wannan kuɗi da haruffan APC. Mujallar Nature ta sa nata a kan yuro 9,500 a shekarar 2021, kuma ko mujallar da take karɓar dala 2,000 ta haura naira miliyan 3 a lokacin da dala ta wuce naira 1,500 a 2024. Malamin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Jami'ar Jihar Sakkwato da yake neman ƙarin girma ba zai iya fitar da wannan daga albashinsa ba, saboda haka dole ya warware maganar kuɗin tun kafin ya aika maƙalarsa.

Da farko ka gano irin mujallar da kake nufa. Akwai wadda ta koma kyauta gaba ɗaya, inda a wajen manyan kamfanoni galibi kowane marubuci zai biya, akwai kuma wadda take tafiya da tsari biyu, inda kake da zaɓin bugawa a tsohuwar hanya ba tare da ko kwabo ba. A irin ta biyun, ka karanta fom ɗin da ake aiko maka a tsanake, domin danna akwati guda bisa kuskure ya isa a aiko maka da takardar biyan kuɗi.

Idan mujallar ta kowa ya biya ce, to ka nemi yafiya ko rangwame, kuma a nan ne ya kamata ka fi natsuwa. Yawancin kamfanoni suna son a nemi yafiyar ne a ranar da aka miƙa maƙala. Wanda ya jira sai an karɓi aikinsa sannan ya ce ba shi da hali, sau da yawa zai tarar an rufe ƙofar, ga shi kuma watanni sun tafi a wajen tantancewa. Ka sani kuma cewa galibi ana duba jami'a da ƙasar marubucin da yake mu'amala da edita ne, ko da yake wasu kamfanonin suna duba dukan sunayen da ke kan maƙalar. Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya a ƙasan jerin ƙasashe masu matsakaicin samu, don haka yafiyar da ake yi wa ƙasashe mafiya talauci kai tsaye ba lallai ba ne ta shafe mu. Wasu kamfanonin suna yafe rabin kuɗi, wasu kuma suna cire ƙasashen da tattalin arzikinsu yake da girma daga cikin masu samun rangwame. Amma da yawansu suna duba hali ɗaya bayan ɗaya. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa da ke bayyana cewa binciken bai samu tallafi ba, ko tallafin bai haɗa da kuɗin bugawa ba, ka haɗa da takardar shaida daga shugaban sashe ko na tsangaya, sannan ka ajiye amsar da suka ba ka a rubuce. A ganina, jin nauyin tambaya ya hana malamai da dama abin da za su iya samu cikin sauƙi.

Idan kana aiki da abokin bincike a wata jami'ar Turai ko Amurka, ka tambaye shi ko jami'arsu tana da yarjejeniyar da take ɗauke wa ma'aikatanta kuɗin bugawa. In akwai, kuma shi ma ya yi aikin da gaske, babu laifi ya zama mai mu'amala da edita. Mai neman tallafin TETFund kuwa ya sa kuɗin bugawa cikin kasafinsa tun daga farko, kuma ya tambayi bankinsa da wuri, domin an sha taƙaita abin da katin naira zai iya biya a waje.

Biyan kuɗi mai yawa ba shi ne shaidar ingancin mujalla ba. A rumbun DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, akwai dubban mujallu da ba sa cajin marubuci, kuma kana iya tace bincikenka ya nuna su kaɗai. Shafin AJOL na intanet ma ya tattara mujallun Afirka masu yawa, har da mujallar likitancin dabbobi ta nan Sakkwato. Ka yi hattara da saƙonnin imel masu yabon ka da alkawarin bugawa cikin mako guda, domin masu tantance takardun ƙarin girma suna iya watsi da irin wannan maƙala bayan kuɗinka ya tafi. Kafin ka aika, ka nuna sunan mujallar ga ma'aikatan Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na makarantarku.

Idan ka bi tsohuwar hanya, aikinka ba dole ya zauna a kulle ba. Mujallu da yawa suna yarda ka sa kwafin da aka karɓa, kafin su tsara shi, a rumbun jami'a ko a rumbun intanet na Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai, CERN, take gudanarwa kyauta, wani lokaci bayan jiran watanni 6 ko 12. Sharaɗin yana cikin takardar yarjejeniyar da za ka sa wa hannu, sai ka karanta ta tukuna.