Ku riƙa wanke mota da bokiti biyu

Jama'a, in za ku wanke mota, ku ajiye bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya ruwa zalla.

Ku fara kwara mata ruwa daga sama, ƙura ta sauka. Duk shafa ɗaya, ku ɗauraye soson a ruwa zalla kafin ya koma cikin sabulu. Yashin da ke maƙale a soso shi ke jawo siraran zanen nan da ake gani a fenti idan rana ta haska.

Omo kam ku bar shi, yana cinye man ƙyallin da aka goga.

Amma in bodi ya ɗau zafi, dabarar ba ta hana tabo, sabulu zai bushe a jiki. Ku nemi inuwa. Tayoyi sai a ƙarshe, da nasu soson.